Farautar abin da ba a gani a ruwan Jakara

Ranar da na fara zuwa ɗebo ruwa a Jakara, ƙanena ne ya kai ni a babur, ina rungume da kula cike da ƙanƙara da kwalabe shida. Tun daga nesa warin ya tare mu. Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san wannan ruwa: baƙi ƙirin, mai kauri, ya kwaso na kwatamin unguwanni, ya bi ta gefen kasuwar Kurmi, ya haɗu da jini da wankin tumbi na abbatuwa, can gaba kuma rafin Getsi ya kawo masa nasa kason daga masana'antun Bompai, kafin su rankaya tare zuwa dam ɗin Wasai. Na sa safar hannu biyu-biyu, na ɗaure kwalba a bakin doguwar gora, na zura.

Wani dattijo mai lambu a bakin rafin ya ajiye bokitinsa ya matso.

"'Yata, lafiya dai? Ko hukuma ce ta turo ku a hana mu ban ruwa?"

Na gaishe shi, na ce, "A'a Baba, ni ɗaliba ce. Magani nake nema."

Ya dube ni, ya dubi ruwan, ya yi dariya har da dafa gwiwa. "A nan? To Allah Ya ba da sa'a. Mu dai cuta muka san ana ɗauka a nan."

Ban ga laifinsa ba. Umma ma da na ce mata aikin digirina na biyu a kan ruwan kwata zai kasance, cewa ta yi duk karatun nan da aka sha wahalarsa ashe a kwalbati zai ƙare.

Abin da nake nema sunansa bakteriyofej, amma a ɗakin gwaji fej kawai muke ce masa. Bairas ne da ba ruwansa da mutum ko dabba, bakteriya kaɗai yake kamawa. Yakan manne a jikinta, ya tsarga mata ƙwayar halittarsa, ya mayar da ita masana'antar buga irinsa, sau da yawa kafin awa ɗaya ta cika sai ta fashe, 'ya'yansa gommai ko ɗaruruwa su watsu, kowanne ya nufi ta kusa da shi. Inda bakteriya ta yi yawa, nan yake taruwa. Shi ya sa ba a nemansa a ruwan leda.

Bakteriyar da nake son samo wa maciyi ita ce Klebsiella pneumoniae. Na karɓo guda 20 daga ɗakin gwajin wani asibiti, bayan takardar izinin kwamitin ɗa'a ta cinye mini wata biyu, duk an ware su ne daga fitsari da raunukan majinyata. Kafin komai sai da na shimfiɗa kowacce a farantin gwaji mai abincin bakteriya na jera mata 'yan takardun maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan magani yana aiki, za ka ga fili a kewayen takardar. Da yawansu har jikin takardar seftiriyazon da sifurofuloksasin suka tsiro, ko gezau. Waɗannan magunguna ne da ake sayar wa kowa a kemis ɗin unguwa ba tare da takardar likita ba, mutum ya sha ko a yi masa allura kwana biyu ya ji dama ya ajiye. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne a gaba. Na karanta wannan tun kafin in fara, amma bai shige ni ba sai da na riƙe farantin a hannuna.

Klebsiella kuwa ba ta ɓuya. A farantin MacConkey, wani nau'in abincin renon bakteriya, takan fito ruwan hoda, tana sheƙi, in ka taɓa ta da waya ka ɗaga sai ta biyo ka da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wannan yauƙin riga ce ta sukari da take lulluɓe jikinta da ita don kada sojojin jinin mutum su cafke ta. A riƙe maganar rigar nan, za mu dawo kanta.

Da muka dawo da ruwan, aikin farko shi ne raba shi da duk wani abu mai rai da ya fi bairas girma. Na juya shi a injin santirifuj har laka ta kwanta, na zuƙi na saman da sirinji, na tura shi ta matacin da hudarsa maikiromita 0.22 ce. Maikiromita ɗaya shi ne milimita a raba ta gida dubu. Bakteriya ba ta iya wucewa, yawancin fej kuwa sukan sulale. A takarda abin layi ɗaya ne. A aikace, ruwan Jakara yakan toshe mataci kafin mililita biyar ta wuce, babban yatsana ya yi ja saboda dannawa, kuma kowane mataci da kuɗin aljihuna na saye shi. Sai da na lalata huɗu kafin babban ma'aikacin ɗakin gwajin, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya ce in ƙara juya ruwan sau biyu, in fara bi da shi ta mataci mai hudar 0.45 tukuna.

Daga nan sai kiwo. Ana zuba tataccen ruwan a cikin romon da ake renon bakteriya, a sa masa 'yar Klebsiella mai ƙuruciya da ɗan gishirin kalsiyam, a bar su su kwana a inkubeta a zafin digiri 37. In akwai ko da fej ƙwaya ɗaya da ke cin wannan bakteriyar, kafin gari ya waye ya zama miliyoyi. Wato koto ake sa masa. Kuma nan ne iyakar wannan dabara: abin da ke cin kotonka kaɗai za ka kama. Yawancin bakteriyar da ke cikin ruwa irin wannan ba sa ma yarda su tsiro a farantinmu, masana sukan ce waɗanda ke tsirowa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kowacce kuma da nata maciyan. An ƙiyasta yawan fej a duniya da lamba 1 mai sifiri 31 a bayanta. Ni da kwalabe shida da koto iri ɗaya na je.

Maganar inkubeta ta tuna mini: a watan Afrilu na fara, kuma sau da yawa akan ɗauke wuta da daddare, janareta kuma ba ya kwana. Daren farko ban yi barci ba don fargaba. Da safe na tarar da ma'aunin zafin ɗakin yana nuna 36. Baba ya ce, "Malama, a bazarar Kano ai garin ne inkubeta. Firiji za ki yi wa kuka." Gaskiyarsa kuwa.

Sai shimfiɗa. Wannan ita ce gwanintar aikin, kuma ita ta fi ba ni kunya. Ana zuba aga mai tauri, wato wani abu mai daskarewa da bakteriya ke tsirowa a kansa, a ƙasan faranti ya daskare. Sai a narkar da wani mai laushi, wanda ƙarfinsa bai wuce rabin na ƙasan ba, a sa masa bakteriya, a juye a kai, a karkata farantin da sauri ya bazu. Washegari bakteriyar za ta rufe fuskar farantin gaba ɗaya kamar hazo. Sharaɗin shi ne agan ya kasance tsakanin digiri 45 da 50 lokacin da za a sa ta. Makon farko duk farantaina fes suka kwana, ba abin da ya tsiro, domin dafa bakteriyar nake yi da zafi. Da na koma jira ya huce, sai ya riƙa guda-guda kamar kunun da aka dama da ruwan sanyi. Baba ne ya kama kwalbar ya ɗora a cikin tsintsiyar hannunsa, ya ce, "Kamar yadda za ki gwada madarar jariri. In kin iya riƙewa ba ki cire ba, ya yi." Ma'aunin zafi yana nan, amma hannun nan ya fi shi sauri.

A mako na uku na ɗiga tataccen ruwa a kan shimfiɗar, ɗigo ɗaya na maikirolita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na mililita. Da safe na ɗaga farantin saitin taga, sai ga da'ira fes a tsakiyar hazon, kamar an ɗora kwabo an ɗauke. Na ɗauki hoto, na tura gidan WhatsApp na danginmu, na tura wa malamina, na kusa yin guɗa a ɗakin gwaji. Baba ya karɓi farantin ya juya shi, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Je ki sirka."

Sirkawa ita ce alƙali a wannan aiki. Ana ɗaukar kashi ɗaya na ruwan a zuba cikin kashi tara na ruwan gishiri, daga wannan a sake ɗaukar ɗaya a zuba cikin tara, haka har sau takwas, sannan a ɗiga kowanne. Hikimar ita ce: in guba ce ko ragowar magani ta kashe bakteriyar, da'irar za ta riƙa dusashewa gaba ɗayanta har ta ɓace, kamar shuni in an yi ta ƙara masa ruwa. In kuwa fej ne, ba ya dusashewa, domin ƙwayoyi ne masu ƙirguwa. Da'irar za ta tarwatse ta koma 'yan ƙananan hudoji daban-daban, kowace huda daga ƙwaya ɗaya tak da ta ci ta hayayyafa ta ci maƙwabta. Tawa da'irar a sirki na farko ta yi dishi-dishi, a na biyu babu ita. Ko huda ɗaya. Ruwan da ya kwaso fitsarin dubban masu shan magani da dattin masana'anta ba ya rasa abin da zai kashe bakteriya, ni ce na yi gaggawa. Sai da na koma gidan WhatsApp na goge hoton, amma yayata ta riga ta sa shi a sitatus da addu'a a ƙasa.

Tun daga ranar na fahimci irin aikin da na shiga. Fej ba ya ganuwa a madubin ganin ƙananan halittu da muke da shi, sai madubin lantarki, wanda ba mu da shi. Har na gama aikin ban taɓa ganinsa da idona ba. Gurbin da ya bari kawai ake gani, kuma gurbi abu da yawa na iya barinsa. Haka Félix d'Hérelle ya gan shi a 1917 a cibiyar Pasteur da ke Faris, a bayan gidan masu fama da atini da suka fara samun sauƙi: hudoji a faranti, ya ƙirga su, ya ce lallai wani abu ne mai ƙwaya-ƙwaya, ya raɗa masa suna maciyin bakteriya. Shekara biyu kafin nan Frederick Twort a Ingila ya ga makamancin haka. An yi ta jinya da shi kafin zuwan fenisilin, daga baya ƙasashen Yamma suka watsar, amma a Tibilisi ta ƙasar Jojiya cibiyar da George Eliava ya kafa a 1923 ba ta daina ba har yau. Abin da ya burge ni shi ne kayan aikinsu bai fi nawa ba: mataci, faranti, romo da haƙuri.

Na koma Jakara sau uku. A zuwa na uku na ɗebo daga ƙasa da inda ruwan abbatuwa ke shiga, na kuma haɗa Klebsiella biyar a romo ɗaya don ƙara yawan koto. A kan ta bakwai cikin ashirin ɗin nan, ɗigon ya yi fili. Wannan karon ban gaya wa kowa ba. Na sirka, na shimfiɗa, na tafi gida na yi shiru. Da safe, a sirki na biyar da'irar ta fara ɓantarewa, a na shida sai ga su, hudoji ƙanana, zagayayyu, kowacce da iyakarta, kamar an yi wa farantin shaushawa da tsinke. Na kai wa Baba ba tare da na ce uffan ba. Ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Yanzu kam ki kira Dakta."

Wani abu da ban yi tsammani ba: kowace huda tana da wani zobe mai haske-haske a kewayenta, kamar wata ya yi lema. Na bar farantin a kan tebur kwana uku, hudar ba ta ƙaru ba amma zoben sai faɗaɗa yake. Malamina, wato Dakta, ya ce alama ce ta cewa fej ɗin yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da rigar sukarin nan ta Klebsiella. Da shi yake yaga rigar ya kai ga jiki, ragowar sinadarin kuma ya malala ya tuɓe maƙwabtan da bai ma kashe ba. Na fi awa ina kallon farantin nan.

Sauran aikin maimaici ne. A caki huda ɗaya da bakin fifet, wato bututun zuƙar ruwan gwaji, a jiƙa, a sirka, a shimfiɗa, a sake cakar ɗaya, har sau uku, don a tabbata iri ɗaya ne a hannu. Sai ƙirga. A sirki na bakwai, daga kashi ɗaya cikin goma na mililita, na ƙirga huda 84. In aka buga lissafin, ƙwaya biliyan 8.4 ke nan a mililita ɗaya ta ruwan da in ka gani za ka rantse na famfo ne.

Murnata ta ragu da na gwada shi a kan duka ashirin ɗin. Huɗu ya ci, sha shida ko kallo ba su ishe shi ba, alhali duk sunansu ɗaya. Klebsiella tana da rigar sukari fiye da iri 70, kuma mabuɗin kowane fej yawanci riga ɗaya ko biyu yake buɗewa. Wannan tsananin zaɓe shi ne alherinsa, tunda ba zai share bakteriyar kirki da ke cikin hanjin mutum ba yadda maganin kemis ke yi. Shi ne kuma wahalarsa, domin sai an san takamaimai wacce ke damun majinyaci kafin a nemo mata nata.

Sannan a cikin filin da ya share, bayan kwana biyu, sai ga 'yan ɗigo-ɗigo sun tsiro. Waɗanda suka tsira ke nan. Na ɗauko su na rena, na ɗiga musu fej ɗin, ko a jikinsu. Amma da na taɓa su da waya, babu yauƙi. Sun bushe, sun ƙanƙance. Rigar da fej ke kamawa suka yar don su tsira, kuma rigar nan ita ce garkuwarsu a jikin mutum. Masu bincike a wurare da dama sun ga haka, kuma sau da yawa irin waɗannan tuɓaɓɓun sun fi sauƙin kamu ga sojojin jini. A ganina wannan ya fi samun fej ɗin kansa muhimmanci a duk abin da na rubuta, ko da yake masu jarrabawa sun fi tambayata a kan lissafin ƙirga. A cikin rafin kuwa wannan kokawa ba ta tsayawa: bakteriya ta sauya riga, fej ya sauya mabuɗi, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Labari ya kai ga gwaggona, wadda ciwon sukari ya bar mata gyambo a ƙafa da ya ƙi jin magani. Ta aiko a kira ni.

"Ke 'yar nan, an ce kin haɗa maganin ciwon da ya gagari asibiti. Ni ba za a ɗan ɗiga mini ba?"

"Gwaggo, wallahi bai kai nan ba tukuna."

"To ai gwaji ake yi. Ga ni, a gwada da ni."

Ban taɓa jin nauyin cewa a'a kamar ranar ba. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ban san wace bakteriya ce a ƙafarta ba. Ruwan da ke hannuna cike yake da tarkacen bakteriyar da ta fashe, wanda shi kansa yana iya tayar da zazzaɓi mai tsanani. Babban dalilin kuma shi ne ba kowane fej ne ke kisa nan take ba. Wani yakan shiga ya lafe a cikin ƙwayar halittar bakteriyar, ya zama ɗan gida, har ya ba ta makamin da ba ta da shi. Mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, ya ɗauke yara da yawa, gubar da ke toshe maƙogwaro ta taɓa zuciya ba ta bakteriyar ba ce tun asali, wani fej ne ke kawo mata ita, kuma tun 1951 Victor Freeman ya nuna haka. Kwalara ma haka take: a 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa umarnin haɗa gubar da ke sa gudawar a jikin wani fej yake. Hudojin nawa fes suke, ba su da duhu-duhun da ake yawan gani a masu lafewa, amma wannan alama ce kawai. Sai an karanta ƙwayar halittarsa kaf kafin a ce ba ya ɗauke da komai. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Boko dai ba ta rasa dalili." Washegari na raka ta asibiti aka ɗauki ruwan gyambon don a gwada maganin da zai ci shi.

Firijin da Baba ya yi mini gargaɗi a kai shi ya kusa kashe aikin. An yi kwana huɗu ba wuta, da na sake ƙirgawa sai na ga adadin ya faɗi warwas. Allah Ya sa akwai saura. Na sake kiwonsa, na raba shi kwalabe uku, ɗaya a namu, ɗaya a firijin malamina, ɗaya a wani ɗakin gwaji mai sola a wani sashen. Ƙwayar halittar da na tsamo daga jikinsa kuma tana jiran kuɗin da za a aika da ita a karanta.

Da damina ta kankama na sake komawa Jakara, wannan karon da tuɓaɓɓun nan a matsayin koto, in ga ko rafin yana da mai cin su. Ruwan ya ƙaru, ya sirka, warin ya ragu. Dattijon yana nan a lambunsa, kuma ya gane ni tun kafin in sauka daga babur.

"'Yata mai neman magani! An samu kuwa?"

"Baba, an samu wani abu. Yana cin huɗu cikin ashirin."

"Huɗu? To ai an fara." Ya sunkuya ya tsinko alayyahu dami guda, ya karkaɗe ruwan jikinsa, ya miƙo mini. "Ki kai wa mahaifiyarki."

Na san abin da ke cikin ruwan da ya shayar da shi fiye da kowa a wurin. Na cire safar hannu, na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Kular cike take da kwalabe, don haka ƙanena ya rataye damin a hannun babur. Da daddare na tsaya a kan Umma sai da ta wanke shi sau uku da gishiri, miyar kuma ta tafasa har ganyen ya saki.